Lambar injiniya ta ƙararrawar ɓarayi: a hannun wa ya kamata ta zauna?

Ranar da aka gama girka ƙararrawar ɓarayi a gida, lamba ɗaya ake miƙa wa maigida, a ce ya danna in zai fita, ya danna in ya dawo. Ba kowa ake gaya wa cewa akwai wata lambar a samanta ba. Wadda ke hannunka tana kunna na'ura tana kashe ta, in kuma babbar lambar gida ce, da ita za ka yi wa uwargida da yara da mai gadi tasu. Lambar injiniya kuwa ita ke buɗe cikin na'urar. Da ita ake gaya wa na'ura wace ƙofa ce ta shiga, daƙiƙa nawa za ta jira kafin jiniya ta tashi, wace lambar waya za ta kira, da wane ɗaki za ta daina kula da shi gaba ɗaya. A na'urori da yawa, mai wannan lamba yana iya sauya babbar lambar maigida ma.

Ka nemi wanda ya girka maka ya ba ka ita, amsar kusan ɗaya ce a nan Zariya, daga Sabon Gari har Samaru: "Alhaji, ka bar mana wannan, in aka taɓa saiti komai rikicewa zai yi." Ba ƙarya ya yi ba. Amma kai ka biya kuɗin kayan, a bangonka suke, sai ga shi ka zama kamar wanda ya sayi mota amma makullin bonet yana aljihun makaniki. Hanya huɗu ce a gaban mutum: a bar lambar ga injiniya shi kaɗai, ko maigida ya karɓa ya riƙa aiki da ita, ko a rufe ta a ambulan a ajiye a gida, ko a sayi irin na'urar da ake sarrafawa da manhajar waya.

Da me za a auna

Kuɗi ne ma'auni na farko, amma ba na saye ba. Na'ura iri ɗaya ce a hanyoyi ukun farko. Abin dubawa shi ne abin da za ta ci bayan an girka: kuɗin zuwan injiniya, da kuɗin motarsa in daga Kaduna yake tahowa, tafiyar kusan kilomita 80, ko daga Kano ko Abuja.

Sai ɗorewa, wato ko na'urar za ta ci gaba da amfani in wanda ya girka ta ya tashi daga gari, ko ya sauya sana'a, ko ya riga mu gidan gaskiya. Sai sauƙi: me za ka iya gyarawa da kanka da tsakar dare ba tare da jiran kowa ba. Haɗari kuma iri biyu ne, bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai na wani ya san lambar ya cuce ka, akwai na kai da kanka ka ɓata saiti ba ka sani ba.

Ma'auni na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi: in jiniya ta tashi, wa ke zuwa? Al'adar ɓoye lambar injiniya ta zo mana ne daga wuraren da take da dalili mai ƙarfi. A Ingila, 'yan sanda ba sa amsa kiran ƙararrawa kai tsaye sai in kamfanin da ya girka yana da shaidar NSI ko SSAIB, hukumomin da ke tantance kamfanonin tsaro, kuma yana zuwa dubawa a kai a kai, kamfanonin inshora ma kan gindaya irin wannan sharaɗi. Gidan da ƙararrawarsa ta cika tashi a banza, janye masa amsar ake yi. To can kamfani ya ɗauki alhaki a rubuce, dole ya hana kowa taɓa saiti. Duk da haka ƙa'idar Turai ta EN 50131, wadda ta raba izinin shiga na'ura mataki 4, ta sa mai gida a mataki na 2, injiniya a mataki na 3, ta kuma ce na 3 ba ya shiga sai da amincewar na 2. A Zariya fa? Mafi yawan gidaje, in ƙararrawa ta tashi wayar maigida take kira, sai mai gadi, sai maƙwabta, sai 'yan sintirin unguwa. Babu wani ɗakin sa ido da ke jiranta, babu takardar inshora da ta rataya a kanta. In haka ne naka yanayin, rabin hujjar injiniya ta faɗi tun kafin a zauna.

Hanya ta ɗaya: lambar tana hannun injiniya kaɗai

Amfaninta a fili yake. Babu yaron gida mai ƙaiƙayin hannu da zai shiga ya ɓata abu, garanti yana nan daram, in matsala ta taso an san wanda za a kama. Ga wanda bai damu da latse-latse ba, wannan kwanciyar hankali ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan abubuwan da ke tasowa kowace shekara. Ɗauki batir. A cikin akwatin uwar na'ura akwai batir mai 12V, yawanci 7Ah, wanda a yanayi mai sanyi-sanyi yakan yi shekara 3 zuwa 5. Zafin Maris da Afrilu da yawan ɗauke wuta suna gajarta masa kwana sosai, domin irin wannan batir ba ya son a riƙa zuƙe shi har ƙasa. In ya gaji, allon lambobi yakan fara ƙara tit, tit, sau da yawa da dare bayan an daɗe babu wuta. Sauya shi aikin minti kaɗan ne, waya ja da baƙa kawai. Sai dai a bayan murfin akwatin akwai ɗan makunni da murfin ke dannewa. Kana buɗewa ya saki, jiniya ta ɗauka, wasu na'urorin kuma bayan haka ba za su sake kunnuwa ba sai an sa lambar injiniya an share laifin. Ka ga batirin da ka sayo a PZ da rana ya zama sai ka jira mutum daga Kaduna.

Haka in wayarka ta ɓata ka sauya layi. A na'urori da dama lambar da ake kira tana cikin saitin injiniya. Har ya samu lokacin zuwa, ƙararrawarka tana kiran layin da ba ya hannunka.

Ta fuskar ɗorewa nan ce hanya mafi rauni. Na'urorin DSC da Paradox, dukansu na Kanada, suna da wani saiti da injiniya ke kunnawa wanda ke hana a mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani. An yi shi ne don kada ɓarawo ko wani kamfani ya share saiti cikin sauƙi. Amma in an kunna shi, sannan mai lambar ya yi ɓatan dabo, wani ma'aikacin da ka kira zai duba ya ce sai dai a sauya allon uwar na'urar. Kayan lafiyarsu ƙalau, lamba 4 ko 6 kawai ta sa za ka sake kashe kuɗi.

Sai maganar da ba a cika so a yi ba. Mai girka ƙararrawa a gidaje masu yawa ba zai iya haddace lamba daban ga kowane gida ba, don haka wasu lamba ɗaya suke sa wa kowa. Yaran da ke riƙe masa tsani suna gani. Yaro ya bar shago bara, lambar tana kansa. Ban ce kowa haka yake ba, akwai masu amana da tsari, amma tambaya ce da ya dace ka yi kai tsaye: "Injiniya, wannan lambar ta gidana ce kaɗai, ko ita ce a ko'ina?" Wanda ya fi wannan muni shi ne wanda bai sauya lambar kamfani ba sam. Ta DSC PowerSeries 5555 ce, ta Honeywell Vista 4112, duk suna rubuce a littafin na'ura da kowa zai iya saukewa daga intanet.

Hanya ta biyu: maigida ya karɓa, ya riƙa aiki da ita

Nan kuɗin zuwa ya ragu ƙwarai. Batir, lambar waya, tsawon lokacin fita, ƙara na'urar gano motsi a sabon ɗakin da aka gina, duk kai ne. Wanda yake da ilimin lantarki, ko mai haƙurin karanta littafin na'ura daga farko, zai ji daɗinta. Garin da ke da jami'ar ABU da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli ba a rasa irin waɗannan magidanta.

Haɗarinta ba ya ihu, shi ya sa na fi jin tsoronsa. Saitin tsofaffin na'urori ba rubutu ne mai bayani ba, lambobi ne a sashe-sashe. Ka shiga don ka ƙara daƙiƙa 15 a lokacin shiga, yatsa ya zame, ka mayar da ƙofar kicin "babu amfani da ita". Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba. Fitila kore za ta nuna, za ta kunnu yadda ta saba, ka yi tafiyarka da zuciya ɗaya, alhali ƙofar baya a sake take.

Kuma lambar tana jawo mutum ga gajeriyar hanya. Lokacin hunturu ƙura tana taruwa a fuskar na'urar gano motsi, gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwarta, tsaka ta bi ta kai da dare, ko labule ya riƙa kaɗawa a gabanta. Jiniya ta tashe unguwa sau biyu, maƙwabci ya yi magana a masallaci. Gyaran gaskiya shi ne a goge na'urar, a toshe ramin da waya ta shiga, ko a sauya mata wuri. Mai lambar injiniya a aljihu sai ya kashe sashen wannan ɗakin a saiti "zuwa gobe". Goben ba ta zuwa.

Garanti kuma ka ɗauka ya tafi, aƙalla na aikin saiti, kuma injiniya yana da gaskiya a nan. Ba adalci ba ne ya ɗauki alhakin abin da wani ya sauya. In za ka bi wannan hanya, duk lokacin da ka taɓa saiti ka yi gwajin zagaye: ka buɗe kowace ƙofa, ka gifta gaban kowace na'ura, ka tabbatar kira ya shigo wayarka. Kada ka rubuta lambar a jikin murfin allo, kada ka ba kowa a gida, ko babban ɗanka ne.

Hanya ta uku: lamba a rufe cikin ambulan

Wannan na fi yarda da ita ga yawancin gidaje. Injiniya ya ci gaba da kula da na'ura, amma lambar tana ajiye a wurinka, a rufe, tare da takardun gida. Ba ka buɗe ta sai ta ɓaci: an neme shi ba a samu ba, ko kun rabu, ko za ka sayar da gidan. Kuna yin yarjejeniya a rubuce, ko da layi biyar ne, cewa in ka buɗe ka taɓa saiti, garantin saiti ya faɗi. Ba ma sai an yi rantsuwa ba, domin na'ura tana ajiye tarihin abin da ya faru, har ranar da lokacin da aka shiga saitin injiniya.

Tun ran gini tun ran zane. Lokacin wannan magana shi ne kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ba bayan wata shida ba. Kuma ambulan kaɗai bai isa ba. A gwada lambar a gabanka, ka ga ta buɗe saiti da idonka, sannan a rufe. A sa lamba ta gidanka kaɗai. A tabbatar maka saitin nan mai hana mayar da na'ura asalinta a kashe yake. A ba ka takarda mai nuna kowane sashe da ɗakin da yake, da littafin na'ura.

A nan ne kuma za a warware zancen layin waya, wato SIM ɗin da ke cikin na'ura. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, a 2024 kuma an rufe layuka masu yawa saboda haka. In layin ƙararrawarka da sunan injiniya ko yaronsa aka yi rajistarsa, ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana a ofishin kamfanin waya. Ka sayi layin da sunanka, ka riƙa sa masa kati kana gwada shi, domin layin da ya daɗe ba a mora ba kamfani kan karɓe shi.

Rauninta: sauƙin yau da kullum bai ƙaru ba. Batir ya mutu, za ka kira injiniya dai. Sannan wasu masu girkawa ba za su yarda ba, musamman waɗanda kuɗin zuwa shi ne ribarsu. Wanda ya ƙi ko da ambulan a rufe, ya nuna maka irin zaman da za ku yi, gara ka ji tun kuɗinka yana hannunka.

Hanya ta huɗu: na'ura mai manhaja

Sababbin na'urori marasa waya, irin su Ajax na Yukiren da AX Pro na Hikvision, sun sauya fasalin tambayar. Ba lamba ake riƙewa ba, asusu ne. Maigida yana da nasa a wayarsa, injiniya yana da nasa na masu sana'a, kuma ana iya ba shi izinin taɓa saiti sannan a janye. Saiti a rubuce yake da kalmomi, don haka kuskure ya fi wuya, kuma duk wanda ya kunna ko ya kashe kana gani a waya.

Tsadarsu ta fi, farashinsu kuma yana bin dala. Kowace na'urar gano motsi tana da batirinta, galibi CR123A, da za a sauya bayan 'yan shekaru. Suna dogara da intanet ko layin waya, kuma mutanen jihar Kaduna ba su manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a wasu sassan jihar: a irin wannan hali jiniya za ta yi kuka a gida, amma saƙo ba zai iso ka ba. Wannan ya shafi duk na'urar da ke kira ta layi, ba waɗannan kaɗai ba.

Tarkonsu guda ne babba. In injiniya ya ɗaure na'urar a imel ɗinsa ko lambar wayarsa, sannan ya ƙara ka a matsayin mai amfani kawai, ka koma hanya ta ɗaya da tsada, domin na'urar da ke ɗaure a asusun wani ba ta shiga wani asusun sai an kwance ta. Ka buɗe asusun da kanka, a wayarka, ka zama shugaba a kai.

Ƙananan na'urorin Chaina marasa suna da ake sayarwa a kwali ɗaya da jiniya da rimot, su komai a buɗe yake, lambar shugaba tana cikin ɗan littafinsu. Da yawansu ana ba su umarni ta saƙon tes, saboda haka wanda ya san lambar layin da lambar kamfani zai iya kashe ƙararrawar daga nesa. Ka sauya ta ranar farko.

| Hanya | Kuɗi bayan girkawa | Ɗorewa in injiniya ya ɓace | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Injiniya kaɗai | Mai yawa, kowane gyara da kuɗin zuwa | Rauni, wataƙila a sauya allo | Sai an jira shi | Lamba ɗaya a gidaje da yawa |
| Maigida na aiki da ita | Kaɗan | Mai kyau | Sosai, ga wanda ya iya | Ɓata saiti ba a sani ba, rasa garanti |
| Ambulan a rufe | Kamar na farko | Mai kyau | Sai an jira shi, sai dai in ta ɓaci | A rufe lambar da ba a gwada ba |
| Mai manhaja | Tsada a saye, ga data da batura | Mai kyau in asusun naka ne | Sosai | Asusu a hannun wani, katsewar sadarwa |

Wacce ta dace da wa

In kana da kwangila da kamfanin tsaro mai sa ido dare da rana kuma mai turo ma'aikata, ko inshorar shagonka ta ambaci ƙararrawa, ka bar musu lambar. Sun ɗauki alhaki, suna da haƙƙin kare saitinsu. Ka duba dai suna da lasisi, hukumar NSCDC ce ke kula da kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma a rubuta cewa ranar da kwangila ta ƙare za su miƙa lambar ko su buɗe na'urar. In kayan ma nasu ne haya suka ba ka, babu abin jayayya.

Magidanci mai iyali a Gyallesu ko Hanwa ko Tudun Wada, wanda ƙararrawarsa wayarsa take kira kuma bai son shiga saiti, ambulan ne nasa. Kowa a gidan a yi masa lambarsa ta kunnawa da kashewa, ta 'yar aiki da direba daban, don in sun bar aiki a goge tasu kaɗai. Babbar lambar gida ta isa yin wannan.

Mai aiki a Abuja ko Legas da iyali a Zariya, ko mai yawan tafiya, na'ura mai manhaja ta fi masa, in aljihu zai ɗauka. Mai ilimin lantarki da ke zaune inda ma'aikaci ke wuyar zuwa, can wajen Shika ko bayan Basawa, ya karɓi lambar ya yi aiki da ita bayan garanti ya ƙare. Gidan haya kuwa, mai gida ya riƙe ta injiniya, ɗan haya ya riƙe babbar lambar gida ya sauya ta ranar da ya tare.

Saura wanda aka riga aka girka masa, mai aikin kuma wayarsa ba ta shiga. Kada ka yi ta gwada lambobi, wasu allunan kulle kansu suke yi na ɗan lokaci in an cika kuskure. Ka buɗe littafin na'urar ka gwada lambar kamfani sau ɗaya, don mai yiwuwa ba a taɓa sauya ta ba. In ba ta yi ba, ka kira wani ma'aikacin ya gwada mayar da ita asalinta, ka san kuma duk saiti zai goge, sai an sake shi daga farko. In an kulle wannan ma, kada ka yarda a ce sai an cire komai. Na'urorin gano motsi da na ƙofa masu waya galibi suna aiki da uwar na'ura ta kowane kamfani, wayoyin da ke cikin bango ma suna nan, uwar da allon lambobi kawai za a sauya. Marasa waya ne ba sa jituwa da na wani kamfani, su sai dai a nemo uwa irin tasu.